Gado ɗaya, lissafi uku: shin adalci ɗaya ne a ko'ina?

Wani ɗalibi daga Aboabo a Kumasi ya aiko da tambaya. Mahaifinsu ya rasu bai bar wasiyya ba. Ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, da mahaifiyarsa, wadda Musulma ce 'yar asalin Asante. Liman ya yi lissafinsa, lauya ya kawo nasa daban, dangin kakarsu kuma sun ce bisa al'adarsu su ma suna da haƙƙi. Kowa na cewa nasa ne adalci. Shi ne yake tambaya: mene ne adalci, kuma abu ɗaya ne a duk duniya ko kowace al'umma da nata?

Ɗan'uwa, Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku haƙurin rashi.

Malamanmu suna cewa adalci shi ne ajiye kowane abu a muhallinsa da ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa, zalunci kuma kishiyarsa. Masana shari'ar Rumawa ma kusan haka suka faɗa, cewa a ba kowa abin da yake nasa. Da wuya ka sami wanda zai ja da wannan bayani, domin bai faɗi mene ne haƙƙin kowa ba. Liman da lauya da dangin kakarku duk sun yarda a ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Inda suka rabu shi ne wane ne mai haƙƙin, nawa ne nasa, kuma saboda me. Idan ka raba maganar gida biyu, wato yadda ake yanke hukunci da abin da ake yankewa, za ka ga ɓangaren farko kusan ɗaya ne a ko'ina, na biyun ne yake sauyawa daga wuri zuwa wuri.

Fara da hanyar hukunci. A wasiƙar da Sayyidina Umar ya aika wa Abu Musa al-Ash'ari ya umarce shi ya daidaita mutane a fuskarsa da majalisarsa da hukuncinsa, don kada babba ya yi kwaɗayin a karkata gare shi, kada kuma mai rauni ya fid da rai. Hujja tana kan mai ƙara, rantsuwa tana kan wanda ya musanta. Annabi (SAW) ya hana alƙali yin hukunci yana cikin fushi, ya kuma gaya wa Sayyidina Ali kada ya yanke hukunci sai ya ji daga na biyu kamar yadda ya ji daga na farko. Yanzu ka je Manhyia, fadar Asantehene sarkin Asante a Kumasi, ka zauna ranar da ake shari'a. Mai ƙara da wanda ake ƙara duk suna nan a bainar jama'a, kowa ya faɗi nasa ta bakin okyeame, kakakin sarki, a kira shaidu, a yi musu tambayoyi. A zaman dattawan Akan, al'ummar da Asante ke cikinta, kafin a bayyana hukunci sai su keɓe su yi shawara, abin da suke kira zuwa tambayar tsohuwa, saboda a wurinsu kai ɗaya ba ya yin shawara. Sannan ka buɗe sashe na 19 na kundin tsarin mulkin Ghana na 1992: a saurari wanda ake tuhuma cikin lokaci, a ɗauke shi mara laifi har sai an tabbatar, a ba shi dama ya kare kansa ya yi wa shaidu tambaya. Waɗannan tsare-tsare uku ba su fito daga gida ɗaya ba, amma sun haɗu a kan abu guda: a ji kowane ɓangare, mai hukunci kada ya kasance yana da rabo a cikin rigimar, magana sai da hujja, kuma ma'aunin da aka auna wa wane da shi a auna wa wane.

A kasuwa ma haka abin yake. Olonka da ake awon gari da ita a kasuwar Kejetia ta Kumasi ba girmanta ɗaya da mudun Kano ba, kuma babu wanda ya ce wannan zalunci ne. Amma ɗan kasuwar da ke saye da babban ma'auni ya sayar da ƙarami, a Kumasi da Kano duk sunansa macuci, kuma shi ne wanda farkon Suratul Muɗaffifin ya yi wa alkawarin azaba.

Tun da kai ɗalibi ne, ga wata hujja daga tarihinmu. Kafin annabci wasu gidajen Ƙuraishawa sun taru a gidan Abdullahi bin Jud'an suka yi alkawarin tsaya wa duk wanda aka zalunta a Makka, ɗan gari ne ko baƙo. Shi ne Hilful Fudul. Annabi (SAW) ya halarta yana saurayi, bayan annabci kuma ya ce da za a kira shi zuwa irinsa a Musulunci da ya amsa. Mutanen da suka ƙulla alkawarin ba su da wahayi a hannu, amma sun gane cewa cinye wa baƙo kuɗin hajarsa zalunci ne. Malaman tauhidi sun daɗe suna muhawara a kan wannan: Mu'utazilawa suka ce hankali kaɗai yana iya gane kyakkyawa da mummuna, Ash'arawa suka ce hukuncin lada da zunubi sai da shari'a, Maturidawa suka tsaya a tsakani. Muhawarar a kan tushen hukunci take, ba wanda ya ce wanda ba Musulmi ba ba ya jin zafin zalunci ko ba ya iya yin adalci. Maganar da ake yawan kawowa daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, cewa mulki yana ɗorewa da kafirci amma ba ya ɗorewa da zalunci, a kan wannan fahimta ta ginu.

Doka kuwa ba ita ce adalci ba, kuma mutanen Kumasi ba sa buƙatar a je nesa a nemo musu misali. Dokar tsare mutum ba tare da shari'a ba ta 1958 ta ba gwamnatin Nkrumah ikon kulle mutum har shekara 5 ba a kai shi gaban alƙali ba. A 1959 aka tsare Baffour Osei Akoto, babban kakakin Asantehene, da wasu mutum 7. Lauya J. B. Danquah ya tsaya musu, amma a 1961 Kotun Ƙoli ta ce tsarewar tana kan doka. Danquah da kansa a kurkukun Nsawam ya rasu a 1965, ƙarƙashin wannan dokar. Komai an yi shi bisa ƙa'idar da majalisa ta zartar, amma abin da aka tsallake shi ne tushen nan: ba a saurari mutum ba. Shi ya sa kundin 1992 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin awa 48 ko a sake shi.

Akwai kuma wani wuri da al'ummomi ke yawan faɗuwa, wato wa ake ƙirgawa cikin masu haƙƙi. Dattawan zango ba su manta da Nuwamba 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako 2 su bar ƙasa, mutane suka sayar da gidaje da shaguna a wulaƙance, har da waɗanda a nan aka haife su. A 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin haka a Najeriya, 'yan Ghana kimanin miliyan ɗaya suka dawo gida. Abin lura shi ne kowane ɓangare, ranar da abin ya faɗo a kansa, da kalma ɗaya ya kira shi. A ganina wannan ita ce hujja mafi ƙarfi cewa adalci ba al'adar wani yanki ba ce: mai zalunci yana iya kawo dalilai iri-iri, amma babu wanda ke yarda a yi masa abin da yake yi wa wani.

Yanzu mu zo gidanku, inda bambancin yake na gaske. Mu ƙaddara cewa bayan an fitar da kuɗin jana'iza da basussuka, abin da ya rage sidi 240,000 ne, kuɗi da kayan shago.

Lissafin liman daga Suratun Nisa'i, aya ta 11 da 12, ya fito. Matar tana da ɗaya bisa takwas saboda akwai 'ya'ya, sidi 30,000. Kakarku tana da ɗaya bisa shida, sidi 40,000. Ragowar 170,000 a kasa shi biyar, namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya: kowannenku maza 68,000, 'yar'uwarku 34,000. 'Yan'uwan mamaci ba su da komai, domin ɗa namiji ya shamakance su.

Lissafin lauya daga Dokar PNDC (gwamnatin soja ta lokacin) ta 111 ta shekarar 1985 ya fito, kuma ita ce kotu za ta bi ga duk wanda ya mutu ba wasiyya, ko wane addini yake bi. Kafin ita, dokar auren Musulmi ta 1907 ta tanadi a raba gadon wanda aka yi wa aurensa rajista bisa shari'ar Musulunci, sai dokar 1985 ta soke wannan sashe. A ƙarƙashinta kayan gida, har da motar da ba ta haya ba, na mata da 'ya'ya ne. Idan gida ɗaya mamaci ya bari, shi ma nasu ne tare. Ragowar dukiya kuma: mata uku bisa goma sha shida, sidi 45,000, 'ya'ya tara bisa goma sha shida, sidi 135,000, daidai wa daida ba namiji ba mace, wato 45,000 kowanne, mahaifiya ɗaya bisa takwas, 30,000, sauran ɗaya bisa takwas, 30,000, a raba bisa al'adar mamacin. Da mata biyu ne ko uku, wannan 45,000 ɗin za su raba a tsakaninsu.

Dangin kakarku kuma da tsohuwar al'adar Akan suke magana. A wurinsu mutum ɗan zuriyar uwarsa ne, abusua, dukiyarsa kuma tana komawa can. Dangi su zaɓi magaji, yawanci ɗan'uwansa da suke ciki ɗaya ko ɗan 'yar'uwarsa. Mata da 'ya'ya ba magada ba ne, abin da suke da shi shi ne zama a gidan da kulawar magajin. A yau wannan al'ada ba ta da iko a kan dukiyar da mutum ya nema da guminsa sai a ɗan kason nan na ɗaya bisa takwas. Amma ku lura, dokar 1985 ba ta taɓa dukiyar dangi ko ta kujerar sarauta ba. Idan akwai gonar koko ko fili da Baba ya riƙe a madadin dangin mahaifiyarsa, wannan ba ya cikin gadonku, a shari'a ma amana ce ba tarika ba.

'Yar'uwarku ke nan tana da 34,000 a wani lissafi, 45,000 a wani, a na uku kuma ba ta da kaso ko kaɗan. Mai gaggawa zai ce ashe adalci ra'ayi ne kawai. Ni ban ga haka ba. Ka duba abin da ke bayan kowane lissafi za ka tarar kaso yana tafiya ne tare da nauyi. Shari'a ta ba namiji ninki biyu, ta kuma ɗora masa sadaki, ciyar da mata da 'ya'ya, da ɗaukar nauyin uwa da 'yar'uwa idan suka rasa mai yi musu, alhali abin da mace ta gada nata ne ita kaɗai, miji ba shi da iko a kansa. Al'adar Akan ta ba ɗan 'yar'uwa gado saboda a da shi ne ya yi wa kawunsa aiki a gona, shi zai biya bashinsa, shi zai riƙe marayunsa, su kuma 'ya'yan suna da nasu kawun da za su gada. Dokar 1985 ta zo ne lokacin da zama ya sauya, mutum da matarsa da 'ya'yansa suke tara dukiya a birni, ranar mutuwa kuma dangi su zo daga ƙauye su kwashe komai su bar bazawara da yara a titi. Kowane tsari yana amsa tambaya ɗaya, wato wa zai riƙe wa idan mai gida ya faɗi, sai dai gidajen da aka yi wa amsar ba iri ɗaya ba ne.

A nan ne mafi yawan zaluncin gado yake shigowa, kuma ba daga ɗaya cikin tsare-tsaren uku yake fitowa ba. Daga tsince-tsince yake fitowa. Ɗa ya karɓi ninki biyu da sunan Alƙur'ani, shekara ta zagayo ƙanwarsa ta fito daga gidan miji, ya ce ba ɗaki. Magajin dangi ya karɓi gona da sunan al'ada, kuɗin makarantar marayu kuma ya ce ba shi da hali. Wani ya tsaya kai da fata a kan shari'a muddin ita ta fi ba shi, da ya ga dokar gwamnati ta fi ba shi gida sai ya nufi Adum, tsakiyar birnin Kumasi, wajen lauya. Duk wanda ya ɗauki kason wani tsari ya ajiye nauyinsa, liman da okyeame da alƙalin babbar kotu za su haɗu a kan cewa ya ci haƙƙi. Ga Musulmi, rabon da Allah ya yanka ba abin ciniki ba ne. Amma ciyarwar da aka ɗora a kan mai kaso biyu ita ma ba ta zaɓi ba ce, kuma na fi jin ana wa'azin na farkon fiye da na biyun.

Za ka ji ana cewa maganar haƙƙin ɗan Adam ta Turawa ce. Akwai ƙamshin gaskiya a tarihin: lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta 10 ga Disamba 1948, ƙasashe 48 ne suka goyi baya, 8 suka ƙaurace har da Saudiyya da Afirka ta Kudu, Ghana kuma ba ta sami 'yanci ba sai 1957. Shi ya sa Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam ta 1981 ta ƙara haƙƙin al'umma da nauyin da ke kan mutum ga iyayensa da danginsa. Amma ba ta ce a azabtar da mutum ko a hukunta shi ba a saurare shi ba. Kuma kalmar al'ada ba ta wanke komai. Sashe na 26 na kundin 1992 ya amince kowa ya bi al'adarsa, a wuri guda ya haramta wadda ke ƙasƙantar da mutum ko cutar da lafiyarsa. Trokosi, inda ake miƙa yarinya ga ɗakin tsafi don laifin da wani danginta ya yi, an mai da shi laifi a 1998, kuma 'yan Ghana ne suka yi gwagwarmayar. Dalilinsu shi ne wanda Alƙur'ani ya faɗa, cewa wani rai ba ya ɗaukar laifin wani.

Ga abin da za ku yi a aikace. Kada kowa ya taɓa komai tukuna. Dokar 111 ta hana a fitar da mata ko 'ya'ya daga gidan aure kafin a raba gado, kuma yin katsalandan a dukiyar mamaci ba da izini ba laifi ne. Ku rubuta duk abin da ya bari a gaban shaidu daga kowane ɓangare: gida, fili, kayan shago, asusun banki, kuɗin waya, bashin da yake bi da wanda ake bin sa, adashi, da sauran sadakin Mama idan bai cika ba, domin shi ma bashi ne da ake fitarwa kafin rabo. Ku ware abin da ba nasa ba: jarin matarsa da ke cikin shagon, ajiyar mutane, dukiyar dangi. Rigima da yawa a nan take farawa, saboda an raba abin da tun farko ba na mamaci ba ne. Banki da ofishin filaye ba za su saurare ku ba sai da takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga kotu, don haka ko kun shirya a gida wannan takarda sai an nema.

Idan dukanku baligai ne kuma kun yarda a bi lissafin liman, kuna iya yi, domin baligi yana da ikon sarayar da abin da doka ta ba shi. Amma yardar ta zama ta gaskiya. A gaya wa 'yar'uwarku da Mama a fili abin da dokar ƙasa ta ba su da abin da shari'a ta ba su, da lambobi, sannan su zaɓa, a rubuta, kowa ya sa hannu. Yardar da aka samu da ɓoye lissafi ko da barazanar tsinuwa ba ta tsayawa a kotu, a wurin Allah ma ba halal take mayar da dukiya ba. Idan akwai ƙaramin yaro a cikin magada, babu mai ikon yafe kasonsa a madadinsa.

Idan kuka kai maganar gaban Sarkin Zango ko liman don a yanke muku, ku san cewa dokar sasanta rigingimu ta 2010, lamba 798, ta amince da irin wannan zama, da sharaɗin kowane ɓangare ya yarda da kansa. Biyan ɗan kuɗin zama da ake nema alamar yarda ce, kuma bayan an fara ba a janyewa don an ga hukunci zai juya. Ana iya yi wa hukuncin rajista a kotu don ya sami ƙarfin zartarwa, wanda bai gamsu ba kuma yana da wata 3 ya nemi kotu ta soke shi, misali idan ba a saurare shi ba ko mai hukuncin yana da rabo a ciki. Abin da ya fi ɓata irin wannan zama shi ne a yanke wa mata hukunci suna cikin ɗaki, wani kawu yana magana da bakinsu. Ku tabbata Mama, ko tana takaba, an je an ji daga bakinta a gaban shaidu. Laifuffuka kuwa ba sa shiga wannan hanya. Fyaɗe, wanda hukuncinsa ɗaurin shekara 5 zuwa 25 ne, ko lalata yarinya 'yar ƙasa da shekara 16, wanda hukuncinsa ɗaurin shekara 7 zuwa 25 ne, ba a kashe shi a zaure da goro da ban haƙuri. Wanda ba shi da kuɗin lauya yana iya zuwa Hukumar Taimakon Shari'a ko ofishin CHRAJ, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Ghana.

Ga masu rai kuma, kai da 'yan'uwanka da duk mai karatu, maganin wannan rikici wasiyya ce a rubuce. Dokar Wasiyya ta 1971, lamba 360, tana buƙatar mai wasiyya ya kai shekara 18, ya sa hannu a gaban shaidu biyu da suke wurin a lokaci guda, su ma su sa hannu a gabansa. Kada magaji ya zama shaida, domin yana iya rasa abin da aka rubuta masa. Dattijon da ke karatun Larabci da ajami amma ba ya karanta Turanci, a karanta masa a fassara, wanda ya karanta ya rubuta a jikin takardar cewa ya yi hakan kuma mai wasiyyar ya fahimta, in ba haka ba ƙofar ƙalubale a buɗe take. A faɗa a sarari cewa a raba bisa shari'ar Musulunci, a ambaci wanda zai zartar da wanda zai yi lissafin, a ajiye takardar a babbar kotu. Sulusin da shari'a ta bar wa mutum ya yi wasiyya da shi ga wanda ba magaji ba, nan ne wurin ɗan riƙo, da agola, da uwa ko mata da ba Musulma ba, waɗanda dokar ƙasa za ta iya ba wasunsu kaso amma lissafin liman bai ba su ba. Ko da wasiyya, idan an bar uba, uwa, mata, miji ko yaro ɗan ƙasa da shekara 18 cikin ƙunci, babbar kotu tana da ikon yanka musu abin da zai riƙe su, muddin an nema cikin shekara 3 daga ranar da kotu ta tabbatar da wasiyyar.